Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Finafinai da Hoton Zaman Tare a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa duk labarin da ɗan Adam ya ƙaga, ko tatsuniya ce ta gindin murhu, ko littafi, ko wasan kwaikwayo, ba ya wuce batun yadda wani ya zauna da wani: miji da mata, uwa da ɗa, ubangida da bara, baƙo da ɗan gari. Fim bai fita daga wannan da'ira ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, yana sa wa dangantakar fuska da murya da tufafi, har mai kallo ya ɗauka cewa abin da ya gani da idonsa shi ne yadda mutane suke. A wannan maƙala muna so mu bi sawun finafinan da suka iso garin Kafanchan da ƙasar da ke kewaye da shi, tun daga zamanin Turawa zuwa yau, mu ga wace irin dangantaka suka nuna wa mutanen wurin, wace iri kuma suka kau da kai daga gare ta. Mun zaɓi Kafanchan ne saboda a can muka tashi, kuma saboda gari ne wanda zaman tare ya haife shi, rashin zaman tare kuma ya sha jikkata shi.

Garin da jirgi ya tara

Kafin zuwan layin dogo, wurin mazaunin Fantsuwam ne, kewaye da ƙasashen Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Kaninkon da sauransu, waɗanda Hausawa suka fi sani da Kaje da Katab da Kagoro da Jaba. A shekarar 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos domin kwasar kuza. Kafanchan ta zama mahaɗa. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin garin. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga Ibo makanikin reluwe, ga Bayarabe akawu, ga Bahaushe mai fataucin citta da goro, ga Bafulatana mai tallar nono, ga manomin Bajju ya kawo doya da acca kasuwa. Harshen da ya haɗa su duka shi ne Hausa, har a majami'u, domin kuwa tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da shi 'yan mishan na Kwoi da Kagoro suka yi aiki. Wannan ne ya sa a gida ɗaya ake samun Musa da Bitrus uba ɗaya, ko Hauwa wadda ke zuwa coci da Ladi wadda ke azumin Ramadan. A irin wannan gari, tambayar wa zai auri wa, wa zai ci abincin wa, wa zai je jana'izar wa, tambaya ce ta kullum.

Majigi

Hoto mai motsi ya fara isa karkarar Arewa ne a bayan mota. Wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers shi ya fara amfani da motar majigi a Nijeriya a shekarun 1930 domin wayar da kai game da annoba da tsafta, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kansa. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen a Kaduna. Motar kan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko ƙofar fada, in duhu ya yi a tada inji, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa.

Dangantakar da majigi ya nuna iri biyu ce. Ta farko ita ce ta iyali a matsayin darasi. A 1940 an shirya wani fim mai suna Mister English at Home, wanda ya bi wani kafinta Bature da matarsa da 'ya'yansu daga safiya zuwa dare: miji ya tafi aiki, mata ta gyara gida ta je cefane, yara sun je makaranta, da daddare a zauna a tebur guda a ci abinci. Babu kishiya, babu suruka, babu ƙanen miji, babu maƙwabcin da zai leƙo aron gishiri. Da yawan finafinan koyarwa kuma an gina su ne a kan mutum biyu, mai hankali da wawa: ɗaya ya kai matarsa asibiti ta haihu lafiya, ɗaya ya tsaya wurin boka ya yi hasara. Ko Baban Larai, wanda dattawa ke tunawa da shi har yau da murmushi, manufarsa noman zamani ce, iyalin da ke cikinsa kuwa marufi ne kawai.

Ta biyu ita ce wadda ba a faɗa ba, amma kowa ya gan ta: dangantakar mai mulki da wanda ake mulka. Hotunan Sarauniya da Gwamna, daga baya na Sardauna da hawan daba, su ne ke buɗe dare. A ganinmu wannan ya fi nauyi a kudancin Zazzau fiye da Kano ko Katsina. Manomin Atyap da ke zaune a ƙasa yana kallo, muryar da ke fitowa daga lasifika muryar ma'aikacin En'e ce, wato muryar da ta saba zuwa masa da batun haraji da aikin tilas. Bai taɓa ganin ƙauyensa a kan ƙyallen nan ba, balle rawar Afan ta Kagoro ko yadda ake neman aure a gidansu. Tun daga farko ke nan an koya wa mutanen yankin cewa allo wuri ne da ake nuna wasu.

Zuwan Indiya

Gidan sinima na kuɗi harka ce ta birni, kuma Kwarori ne suka riƙe ta. An buɗe Rex a Kano a 1937, irinsa kuma suka bazu a Kaduna da Zariya da Jos. Da farko finafinan kaboyi na Amurka ne ke tashe, sai a shekarun 1950 masu gidajen suka gwada kawo na Indiya, suka tarar sun haƙo rijiya. Ga saurayin Kafanchan mai 'yan kuɗi a aljihu, Jos da Kaduna tafiyar jirgi ɗaya ce, kuma wanda ya je ya gano shi ke dawowa ya ba da labari a tasha, da kwaikwayon faɗa da waƙa. Matan aure ba sa zuwa sinima. Sai da gidajen talabijin suka fara sa finafinan Indiya a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan bidiyo ya biyo baya, kana suka shiga cikin gida.

Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a wata maƙala da ya buga a 1997 cewa Bahaushe ya rungumi fim ɗin Indiya ne domin ya ga duniyar da ta yi kama da tasa ba tare da ta zama ta Bature ba: ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga ikon iyaye a kan aure, ga talaka da mai kuɗi, ga rawani da mayafi. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mun yarda da wannan bayani, sai dai muna ƙarawa da cewa a Kafanchan ba Bahaushe kaɗai ke kallo ba. Matar Bajju da ta ga Mother India na 1957, inda Radha ke jan garma da kafaɗarta bayan miji ya gudu ya bar ta da bashin mai ba da rance, ba ta bukatar tafinta. Ta san noman mace, ta san bashi. Kuma lokacin da Radha ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane, duk ɗakin kan yi tsit, Musulmi da Kirista, domin tambayar da fim ɗin ya yi, wato tsakanin ɗanka da mutuncin gari wanne za ka zaɓa, ba ta da addini.

Akwai fim ɗaya da ya kamata mu daɗe a kansa, shi ne Amar Akbar Anthony, wanda Manmohan Desai ya shirya a 1977. 'Yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya suka ɓace wa juna suna ƙanana. Ɗaya ya tashi a hannun ɗan sanda mabiyin addinin Hindu, ɗaya a hannun tela Musulmi, ɗaya a hannun fada na Katolika. Tun kafin labari ya yi nisa sai aka kawo wata makauniya asibiti tana bukatar jini, samarin nan uku suka kwanta a jere aka ɗebi jininsu yana gangarawa zuwa jikinta, ba su san juna ba, ba su kuma san uwarsu ce ba. Likita zai ce ba haka ake ƙarin jini ba, kuma gaskiyarsa. To amma mun kalli wannan fim muna yara a falon wani ma'aikacin reluwe, mutumin Zonkwa, wanda shi kaɗai ke da bidiyo a layinmu, mu fi ashirin a kan tabarma, kuma ba mu manta yadda uwargidansa ta nuna allon da ludayi ta ce ai wannan gidan kakanta ne ba. Tana nufin a cikin 'ya'yan kakanta akwai mai zuwa masallaci, akwai mai zuwa coci, akwai wanda bai bar dodon gargajiya ba. Mu yara dariya muka yi. Sai da muka girma muka gane cewa a duk abin da muka kalla a shekarun nan, wannan fim na Bambai shi ne ya fi kusa da ba da labarin unguwarmu.

Duk da haka, a lura da inda Desai ya tsaya. Da lokacin aure ya zo, Amar ya sami Lakshmi, Akbar ya sami Salma, Anthony ya sami Jenny. Kowa ya auri 'yar addininsa. Jini ɗaya ne, amma ba a haɗa shimfiɗa ba. A 1995 Mani Ratnam ya tsallake wannan iyaka a fim ɗinsa Bombay, inda saurayi Hindu ya auri budurwa Musulma, iyaye suka yi fushi, aka haifi tagwaye, sa'an nan tarzomar 1992 da 1993 ta auka wa birnin, kakannin nan biyu da suka shirya a ƙarshe suka mutu a gobara guda. A lokacin da kaset ɗin ya iso hannunmu, mu ma mun riga mun san warin irin wannan hayaƙi.

Kaduna da Jos

Kafin mu zo nan, wajibi ne mu yi adalci ga talabijin. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka kafa a 1962, da takwaransa na Jos, sun yi wani abu da ba a cika yaba musu a kansa ba. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, bariki ya nuna, kuma bariki ita ce wurin da Banufe da Tibi da Babarbare da mutumin Kagoro ke zaune ɗaki kusa da ɗaki, matansu na faɗa a bakin famfo da safe su yi rabon miya da yamma. Hausar Samanja, wadda ke cakuɗe da Turancin soja, ita ce Hausar da ake ji a tashar Kafanchan. Ba a tambayi addinin kowa ba a shirin. Laifin kurtu shi ne lalaci ko cin bashi.

Haka kuma Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, aka kuma ɗauka a karkarar Jos. Shi ma kamar Baban Larai, noma aka so a tallata. To amma a dubi sunayen gidan: maigida Bello, uwargida Zemaye, yaron gidan Bitrus, ga kuma Kawu Gaga mai baƙin ciki. Sadiq Daba, Musulmi, shi ya fito a Bitrus, har sunan ya bi shi zuwa kabari; Kasimu Yero na Zariya shi ne Gaga. Ba wanda ya tsaya yi wa mai kallo bayanin yadda aka yi Bello da Bitrus suka zama 'yan gida ɗaya, domin a Filato da kudancin Kaduna na wancan lokaci abin bai kai a yi bayaninsa ba. A ra'ayinmu wannan shiru shi ne mafi ingancin hoton zaman tare da allo ya taɓa nuna wa yankin.

Shekarun bidiyo

A ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya shiga gari, cikin kwanaki kaɗan ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Katab, a Fabrairu da Mayu, wanda ya faro daga batun tada kasuwa. Aka yi na 1999 a Kafanchan kan naɗin sarki, aka yi na Kaduna a 2000, aka yi na bayan zaɓe a Afrilun 2011, wanda a cikinsa kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka kuma yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da Matsirga da cikin garin. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta raba laifi. Abin da ya shafe mu shi ne, kowane rikici ya bar unguwanni sun ƙara rabuwa, mai haya ya tattara ya koma cikin nasa. Falon da muka ambata ya watse tun 1992.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne Nijeriya ta sami nata fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a 1992 aka fitar da Living in Bondage a Kudu. Zuwa 1999 an sami Sangaya, an raɗa sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, an kuma fara buga mujallar Fim a Kaduna. A 2000 Yakubu Lere ya fitar da Wasila, wanda ya girgiza kasuwa da labarin matar aure da ta ci amana. Wato a lokacin da mutum ya daina ganin maƙwabcinsa ta kan katanga, a lokacin ne kaset ya zo yana cewa bari in nuna maka shi.

Me kaset ɗin ya nuna? Game da cikin gidan Bahaushe ya yi ƙoƙari ƙwarai, kuma bai kamata malaman jami'a su ci gaba da yi masa kallon raini ba. Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, uwar miji, ɗan sarki da baiwa, maza biyu a kan mace ɗaya ko mata biyu a kan namiji ɗaya: waɗannan su ne abubuwan da littattafan soyayya na Kano suka fara tonawa, fim ya ɗauka ya haɗa da rawa da waƙa irin ta Indiya. Matan kulle sun ga damuwarsu a allo karo na farko, da harshensu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa hukumar tace finafinai da Jihar Kano ta kafa a 2001 ta fi sa ido a kan abin da ke tsakanin namiji da mace: sutura, rawa, taɓa hannu.

To amma da zarar an fita ƙofar gida, sai hoton ya ƙanƙance. Wanda ba Bahaushe Musulmi ba, a yawancin finafinan shekarun nan, ɗayan biyu ne. Ko dai abin dariya ne, mai karyayyar Hausa, Bagwari da kayansa a kafaɗa ko Ibo mai son kuɗi, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro da abokan wasansa suka sha kwaikwaya; ko kuwa mutumin daji ne mai ganye da tsafi, wanda labarin zai ƙare da musuluntarsa. Matthias Krings ya yi nazarin wannan kashi na biyu a 2008. Ba muna cewa barkwanci laifi ne ba, domin wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi ko Bafulatani da Babarbare ya fi wannan zafi. Sai dai shi wasan dangi sharaɗinsa ramuwa: in na tsokane ka yau, gobe ka tsokane ni. A fim kuwa kyamara tana hannun mutum ɗaya. Malamar asibiti 'yar Kwoi wadda ta fi mu iya Hausa, ko fasto mai jawo karin magana a wa'azinsa, ko tsohon sojan da ya yi ritaya a Kagoro, ba su da gurbi a labarin.

Finafinan Kudu ba su yi abin da ya fi haka ba. A wurinsu duk ɗan Arewa maigadi ne mai rediyo a kunne, ana kiransa aboki, ba ya gane saƙo. Ɗan kudancin Kaduna da ya kalli wannan ya san cewa in ya sauka Ikko shi ma aboki ne, ko da sunansa Yohanna. Ya faɗa tsakanin allo biyu ke nan: na Kano bai san shi ba sai ya sauya addini, na Ikko bai san akwai shi ba sam. Abin da ya rage masa shi ne finafinan bishara, kamar fim ɗin rayuwar Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa ana nunawa a filayen coci da majigi irin na da, da kuma kaset-kaset na waƙoƙin zumuntar mata. Su ma in sun nuna na wancan ɓangaren, a matsayin wanda za a jawo suke nuna shi.

Wani abin lura shi ne, masana'antar da kanta ta fi finafinanta faɗi. Jos, inda Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979 take, ta ba Kannywood masu ɗaukar hoto da masu tace sauti da 'yan rawa daga kowace ƙabila da addini. Ali Nuhu, wanda ake kira Sarki, wanda kuma aka naɗa shugaban wannan hukuma a 2024, ɗa ne ga uba Kirista mutumin Gombe da uwa Musulma 'yar Borno. Wato fitaccen tauraron fim ɗin Hausa ya fito ne daga irin gidan da fim ɗin Hausa ke jin nauyin nunawa. Kuma mun ga abin da ya faru a Oktoban 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta kori Rahama Sadau, 'yar Kaduna, saboda ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ, mawaƙin Jos, suna riƙe da juna. Hujjar da aka bayar ita ce taɓa jiki, amma a gardamar da ta biyo baya ba a rasa masu jawo addinin mawaƙin ba.

Bayan jini

Fim ɗin da ya fuskanci rikicin yankin kai tsaye baƙo ne ya shirya shi. The Imam and the Pastor, na Alan Channer, ya fito a 2006, yana ba da labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Su biyun sun jagoranci matasa masu gaba da juna a Kaduna lokacin da wutar Zangon Katab ta iso birnin a 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Ƙarfin fim ɗin yana wurin da Wuye ya amsa cewa ya daɗe suna tafiya tare alhali zuciyarsa ba ta huce ba. Wannan gaskiya ce da ba a cika samu a fim ɗin ƙage ba, inda yafiya kan zo cikin minti biyar na ƙarshe da hawaye da kiɗa.

Sai dai irin wannan fim yana da nasa iyaka. An yi shi da Turanci, an fi kallonsa a zauren taro a Landan da Abuja fiye da gidan kallo na Kafanchan. Daɗin daɗawa, yana nuna zumunci a matsayin abin al'ajabi, wanda sai gwaraza biyu ne za su iya, bayan an zubar da jini. Haka ma hotunan da aka ɗauka a Maris 2016, lokacin da wakilan al'ummu 29 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan: manyan riguna, musafaha, tebur. Naman layya da ake aika wa gidan Kirista, da shinkafar Kirsimeti da ake yanka kazarta a hannun Musulmi domin maƙwabci ya iya ci, da adashin da matan kasuwa ke yi ba tare da tambayar sunan kowa ba, duk ba su kai labari ba, domin babu wanda ya mutu a cikinsu.

A nan dole mu ambaci Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015. Garin da aka ƙaga a shirin yana da Kirista da Musulmi, da baƙi daga Kudu, suna haya da ciniki da rigima irin ta maƙwabta. Wani lokaci wa'azin zaman lafiya kan yi masa yawa har a ji ƙamshin mai ɗaukar nauyi, amma shi ne shirin Hausa na farko cikin shekaru masu yawa da ya bar Kirista ya zama mutum mai halinsa, mai kirki ko maras kirki, ba tare da an shirya masa kalmar shahada a kashi na ƙarshe ba. Ɗalibanmu 'yan Kafanchan da Kachia sun shaida mana cewa shi ne shirin da ake kallo a ɓangarorin gari biyu.

Yau kallo ya koma wayar hannu. Gidajen sinima na da sun zama coci ko shaguna ko ɗakin taro, masu haya da kaset sun koma tura fim a katin waya, finafinan Indiya kuma sun dawo da muryar Hausa ta masu fassara a Kano. Kowa da allonsa a tafin hannu, abin da ke nufin ba a ƙara samun uwargidan da za ta nuna hoto da ludayi ta fassara wa yara ashirin abin da suke gani. A ɗaya ɓangaren kuma, kyamarar da a da sai gwamnati ko Kwara ko attajirin Kano ke da ita, yanzu tana aljihun kowane ɗalibi, kuma matasan Bajju da Atyap da Ham sun fara ɗora gajerun wasanni da harsunansu a YouTube.

A zangon karatu da ya wuce mun ba 'yan ajin wasan kwaikwayo aikin rubuta fitowa ɗaya tak, wadda za ta haɗa mutum biyu mabambanta addini, da sharaɗi uku: kada a yi faɗa, kada wani ya tuba, kada a ambaci kalmar zaman lafiya. Mafi yawansu sun dawo suna cewa in an cire waɗannan babu sauran labari. Wata ɗaliba 'yar Zonkwa ta kawo shafi uku. Tsofaffi biyu ne, tsohon direban jirgi da tsohon mai sayar da tikiti, suna zaune a benci a tashar Kafanchan inda ciyawa ta rufe dogo, suna gardama a kan sule goma da ɗaya ya ranta wa ɗaya ranar sunan ɗansa na fari, kafin a canja kuɗi a 1973. Kowannensu ya rantse da littafinsa cewa shi ne mai bin bashin. Da aka kira sallar la'asar, mai tikiti ya tashi ya bar wa direba sandarsa da ledar maganinsa ya riƙe masa, ya ce in ya dawo za su ci gaba daga inda suka tsaya.